Jakin Goge

Ina ɗan shekara tara kawuna ya fara aikena daji neman jaki. Jakin da yake nufi ɗan icen nan ne da ake kafawa a kan fatar goge, tsirkiya ta hau bayansa. Bai kai ɗan yatsa tsawo ba, amma in ka zare shi tsirkiya ta kwanta a kan fata, goge ya bebance. Ina jin shi ya sa aka ba shi wannan suna, don shi ke ɗaukar kayan.

Ƙauyenmu yana tsakanin Ƙaraye da Rogo. Kawu yana haɗa goge da gurmi, da rani kuma yana bin masu wasa. Goge ƙwarya ce da ake shafe bakinta da fatar guza, tsirkiya ta gashin wutsiyar doki, a goga mata ƙaro. Waɗannan duk saye ake yi. Jaki kuwa sai ka shiga daji da idonka, ka nemo busasshen reshe mai rassa a wuri guda yadda zai tsaya da ƙafafunsa. Nakan kawo goma, ya ƙwanƙwasa kowanne da farce a kusa da kunnensa, ya zubar da tara.

"Ɗana, ɗanye ba ya magana," haka yake ce mini. Mai nauyi yana danne fata, murya ta shaƙe. Mai taushi kuma tsirkiya tana cin bayansa. Yakan matsa da jaki tsakiyar fata in yana son amo mai kauri, ya ja shi gefe in yana son mai kaifi. Abin da ya fi burge ni shi ne jaki biyu da yake ajiyewa a aljihu. Da damina fata takan saki, jaki ya nutse, sai ya sa dogo. Da hunturu ta ɗame kamar za ta tsage, sai gajere.

Sana'ar ta daɗe tana shan matsi. Goge da garaya kayan bori ne tun zamanin Haɓe, garaya kuma ta mafarauta ce. Bayan jihadin 1804 da faɗuwar Kano a hannun masu jihadi, malamai suka tsananta a kan goge musamman, sai ya lafe a ƙauyuka da wajen Maguzawa, irin namu na yammacin Kano. Rediyo ne ya sake fito da kayan tsirkiya fili: gurmin Haruna Uji, da kuntigin Ɗan Maraya Jos wanda ya rasu a 2015. Mutane sun riƙe waƙoƙin. Ban taɓa jin an tambayi wanda ya sassaƙa jakin ba, kuma abin yana damuna.

Da aka kammala madatsar ruwan Challawa a 1992, ruwa ya shafe fadamu da yawa a ƙasar Ƙaraye, masunta suka ƙaru. Daga wajensu Kawu ya fara karɓar zaren roba na kamun kifi yana ɗaura wa gurmi. Zaren yana da santsi, yana zamewa daga kan jaki, dole ya koyi yi masa ɗan tsagi da wuƙa. Bayan ƙaddamar da shari'a a Kano a 2000 wasannin dare suka ja baya, masu kawo gyara suka ragu.

Shekarun baya na riƙe wani molon Turawa da suke kira mandolin. Na duba, ashe jakinsa ma ba a manne shi ba, tsirkiyoyi ne ke danne shi, kuma in ya goce kaɗan sauti ya ɓaci. Da Kawu na raye da ya gane matsalar nan take.

Da ya rasu mun buɗe jakarsa ta fata. Akwai dunƙulen ƙaro, da wuƙa, da jakuna bakwai, kowanne da sawun tsirkiya a bayansa. Na san na damina da na hunturu. Sauran biyar ɗin har yau ina juya su a tafin hannuna, ban gano ranar da ya tanade su dominta ba.