Harouna Doula da shekarar Mena

Ranar 8 ga Oktoba 2011 Masar ta ci Mena uku ba ko ɗaya a birnin Alƙahira, amma a daren nan mutanen Yamai suka fito titi suna murna. A daidai lokacin, ƴan wasan Afirka ta Kudu na rawa a filin Nelspruit bayan sun yi kunnen doki da Saliyo, suna zaton sun wuce. Ba su karanta dokar gasar da kyau ba. Ƙasashe uku ne suka tashi da maki 9, doka kuma ta ce a duba sakamakon karawarsu su uku kaɗai. A wannan lissafi Nijar ce kan gaba da maki 6. Haka ƙasar ta sami zuwa gasar cin kofin Afirka karon farko a tarihinta, a ƙarƙashin mai horaswa ɗan gida, Harouna Doula Gabde.

Masu ce wa abin sa'a sun manta da yadda aka tara makin. Doula ya san ƙarfin yaransa, ya san iyakarsu. Duk wasanni uku na waje an ci shi, amma filin Seyni Kountché ya mai da shi ganuwa. A nan Masar, wadda ta ɗauki kofin sau uku a jere, 2006, 2008 da 2010, ta faɗi da ƙwallon Moussa Maâzou a Oktoba 2010. Saliyo ta sha kashi uku da ɗaya, Afirka ta Kudu biyu da ɗaya. Zafin Yamai ya taimaka, ba shakka. Sai dai zafin nan yana nan tun kafin 2010, bai taɓa kai ƙasar ko'ina ba. A farkon 2011 ma, a Sudan, ya kai ƴan wasan cikin gida zagayen ƙungiyoyi takwas na gasar CHAN.

A Disamba 2011, a birnin Akara, hukumar CAF ta naɗa shi gwarzon mai horaswa na Afirka. Wata ɗaya kawai ya ci moriyar wannan rawani. Tun kafin a tafi Gabon, hukumar ƙwallon ƙasa ta ɗauko Bafaranshe Rolland Courbis, tsohon mai horas da Marseille, wai ya riƙa ba shi shawara. Da Gabon ta ci Mena biyu da nema a Libreville, sai aka miƙa wa mashawarcin ragama, mai lambar yabon ya koma gefe. Wannan hukunci ya yi tsauri, kuma bai gyara kome ba: Tunisiya ta yi nasara biyu da ɗaya, Maroko ɗaya da nema, aka dawo gida ba maki ko ɗaya. Daga baya aka kawo Gernot Rohr, wanda ya je gasar 2013 da ƙungiyar da galibinta Doula ya gina.

Shi kuwa bai bar aikin ba. A farkon 2023, a gasar CHAN ta Aljeriya, ya sake jagorantar ƴan wasan cikin gida. Suka fitar da Gana biyu da nema, suka kai zagayen kusa da na ƙarshe, inda masu masauki suka ci su biyar ba ko ɗaya a birnin Oran. Nijar ta tashi ta huɗu.