Kasko, tukunya da inuwa: yadda za mu taimaki tsuntsayen gida da na garka

Daga watan Maris har zuwa faɗuwar ruwan farko, zafi a jihohin Maraɗi, Damagaram da Tawa yakan wuce digiri 40, a Afrilu da Mayu kuwa wani lokaci har ya kusanci 45. Tabkuna sun ƙafe, ciyawa ta ƙare. A wannan lokaci ne za ka ga kurciya ta buɗe baki tana haki a gindin randa, ƙudan zuma kuma sun yi dandazo a bakin rijiya.

Abu uku ne mutum ke iya yi wa tsuntsaye da sauran ƙananan halittun da ke zagaye da gida: ruwa, wurin sheƙa, da abinci. A ƙasarmu ruwa ne kan gaba, wurin sheƙa na bi masa, abinci shi ne na ƙarshe. Ga bayanin kowane, tare da abin da ya kamata a kiyaye.

Me manomi zai samu?

Mun san abin da wasu za su fara cewa: tsuntsu ai ɓarawon hatsi ne, a kan me za mu shayar da shi? Maganar tana da tushe, domin duk wanda jan baki ya taɓa sauka a gonarsa ya san asara. Amma fa ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Jan baki a gungu yake tafiya, dubbai bisa dubbai, kuma saƙa sheƙarsa yake yi a itatuwan ƙaya can cikin daji. Ba ya shiga tukunya, ba ya shiga gora. Idan an ga inda suke kwana, a sanar da ma'aikatan gona.

Tsuntsayen da muke magana a kansu aiki suke yi mana. Shamuwa da balbela fara suke tsinta a gona. Tsanwaka, wannan shuɗin tsuntsun da ke zama bisa bushasshen reshe, fara da ƙwari ne abincinta. Cilakowa ma tana cin su, alhudahuda kuma tsutsar cikin ƙasa yake zaƙulowa da dogon bakinsa. Mujiya kusu take kamawa. Kwaɗo da bushiya da dare suke fitowa su ci ƙwarin garka. Ƙudan zuma kuwa su ke kai garin fure daga wannan fure zuwa wancan. Masu fid da irin albasa a Galmi da Madawa da masu noman kankana da kabewa duk da su suka dogara, ko sun lura ko ba su lura ba.

Ruwa: kasko ɗaya ya isa

Ba a buƙatar sayen komai. Kaskon ƙasa ko gindin tsohuwar tukunya ya fi kwanon ƙarfe ko roba, domin ƙasa na sanyaya ruwa, kuma ƙafar tsuntsu ba ta santsi a kanta. Zurfin ruwan kada ya wuce santimita 3 zuwa 5. A sa duwatsu biyu ko uku a ciki waɗanda kansu ya fito sama, don ƙananan tsuntsaye da zuma su sami wurin tsayawa. Lita ɗaya a yini ta wadatar.

A ajiye shi a inuwa, bisa kututture ko a rataye shi da ragaya a reshe, inda mussa ba za ta iya laɓewa ta yi tsalle ba. Wanda ke da garka zai iya ƙara wani a ƙasa saboda bushiya da kwaɗi, amma can ƙarshen garka, nesa da ɗakin kwana, kuma a share kewayensa fes domin sanyi na jawo maciji. Kwamin ban-ruwa mai zurfi kuma a jingina sanda a ciki, duk abin da ya faɗa ya sami hanyar hawowa.

Babban sharaɗi shi ne a zubar da ruwan kowace rana a sake sabo, a kuma goge kaskon. Sauro a ruwan da ya kwanta yake ƙwai, kuma lokacin zafi kwana 7 zuwa 10 sun ishe shi ya tashi daga ƙwai ya zama sauro mai cizo. Kaskon da aka manta da shi mako guda, zazzaɓin cizon sauro yake tara wa gida. Wanda ya san ba zai iya kula da shi kullum ba, gara ya kife shi.

Idan zuma ta dami mata da yara a bakin rijiya ko fanfo, a ajiye mata nata kaskon mai tsakuwa a gefe, nesa da hanya. In ta saba da shi cunkoson zai ragu.

Wurin sheƙa: itace ne na farko

Kafin tukunya da akwati, akwai itace. Tun shekarun 1980 manoman Maraɗi suka fara sassaben zamani, wato barin tohon kututture a gona a gyara shi ya zama itace. An ƙiyasta cewa wannan aiki ya dawo da itatuwa kusan miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a ƙasar nan. Wanda ya bi hanyar Matamai zuwa Magarya ya ga gawo a gonaki ya san abin da muke nufi. Gawo, bagaruwa da aduwa suna tara ƙwarin da tsuntsaye ke ci, kuma ƙaya na kāre sheƙa. Dogon yaro da turare suna ba da inuwa, amma tsuntsu ba ya samun abinci sosai a cikinsu. Saboda haka mai shuka itace a gida ko a garka ya riƙa gauraya su.

Matsalar ita ce itatuwan da suka dawo yawancinsu matasa ne, ba su yi kogo ba tukuna, tsofaffin masu kogo kuwa gatari ya ci da yawa. Tsanwaka, alhudahuda, cilakowa da gwara duk a rami suke ƙwai. Nan ne tukunya ke shigowa. Masu kiwon tantabaru sun daɗe da sanin wannan dabara.

A sami tsohon tulu, ko gora mai kauri, ko akwatin katako. Kada a yi amfani da gwangwani, langa-langa ko bidon na roba, domin rana za ta mayar da su tanderu ta kashe ƴaƴan. Ƙofar shiga ta zama kamar santimita 3 ga ƙananan tsuntsaye irin su gwara, santimita 5 zuwa 6 ga tsanwaka da alhudahuda. In bakin tulun ya yi faɗi, a rage shi da laka. A huda ƴan ramuka a ƙasa don ruwa ya tsiyaye, a zuba ɗan ƙaiƙayi ko garin katako.

A ɗaure shi tam, tsayin mita 2 zuwa 3 daga ƙasa, a ƙarƙashin inuwar ganye. Kada bakinsa ya dubi gabas, don daga can hadari ke tasowa, kada kuma ya dubi yamma saboda ranar la'asar. Arewa ko kudu ya fi. Lokacin ɗaurawa shi ne Afrilu zuwa farkon Mayu, tunda yawancinsu da damina suke ƙyanƙyasa. Bayan kaka a sauke a share, amma a fara dubawa da sanda, domin kunama ko rina kan riga tsuntsu shiga.

Wani abu game da cilakowa: macen na shiga kogo ta toshe ƙofar da laka, ta bar ƴar tsaga inda namijin ke miƙo mata abinci har ƴaƴan su yi ƙwari. Idan yara suka ga rami a liƙe, a gaya musu kada su fasa. Ba maƙalewa ta yi ba.

Kwandon shamuwa

Shamuwa tana isowa gab da damina, shi ya sa ganinta ke sa manomi ya fara gyara kalme da iri. A cikin gari take sheƙa, kusa da mutane, ta yi ƙwai 2 zuwa 3. Idan kaka ta yi sai ta tsallaka zuwa gabashi da kudancin Afirka, ƙasashe irin su Tanzaniya da Zimbabuwe, ta dawo baɗi. Al'ada ce tsohuwa a ƙauyukanmu a ɗora mata tsohon kwando a kan jinka ko a reshen itace. A zaɓi mai faɗi marar zurfi, a ɗaure shi yadda iskar hadari ba za ta kayar ba, a sa ƴan ƙirare a ciki. Sai dai kashinta yana da yawa, don haka a nisanta shi da madafa da kuma rufin da ake tarar ruwan sama. Itacen da shamuwa ta saba sauka a kai, kada a sassabe shi lokacin da take kwanci.

Maganar mujiya

Mun san yadda ake tsoron kukanta, har wasu na jifarta. Amma farar mujiya, mai fuska kamar faifai, ba ta da abinci sai kusu da makamantansa. Mace da namiji da ƴaƴansu kan cinye kusa fiye da dubu a shekara. A Malesiya, masu gonakin kwakwar manja da shinkafa akwatuna suke kafa mata, haka ma manoman kwarin kogin Jodan, don su rage sayen guba. Wanda kusa suka addabi rumbunsa ko garkarsa zai iya gwadawa: babban akwatin katako ko randa, faɗi da zurfi kamar rabin mita, ƙofa santimita 12 zuwa 15 a can sama, a ɗora shi mita 3 ko fiye a cikin inuwa, nesa da hayaniya. Yana iya ɗaukar watanni kafin ta shiga, sai da haƙuri.

Abinci: kaɗan, kuma na ɗan lokaci

Ba mu ce kowa ya ɗebi tiyar hatsi daga bakin iyali ya ba tsuntsu ba. Abin da ya zube wajen sussuka da shiƙa, tsaki, ƴar dusa, ɓawon mangwaro ko na kankana, sun isa. Tafin hannu ɗaya da safe, a faifai ko sakaina da aka rataya. Abin da ya kwana kusa zai kira, don haka a zuba daidai wanda zai ƙare kafin rana ta faɗi.

Kada a ba su gyaɗa ko hatsin da ya yi funfuna, ko ragowar tuwo mai gishiri da miya. Irin shuka da aka cuɗa da jan magani kuwa guba ne, ko wanda ya zube a rufe shi da ƙasa. Da zarar ruwa ya sauka gara mai fiffike da tsutsa sun fito, a daina zubawa, daji ya ɗauki nauyinsu. Idan kuma aka ga garken masu cin hatsi sun fara sabawa da gidan, a ɗauke faifan.

Abubuwan da ke ɓata aikin

Na farko guba. Kusun da ya ci magani yana tangaɗi shi ne mujiya da shirwa ke fara kamawa, su ma su mutu. Feshin garka kuma a bar shi sai yamma lis, lokacin da zuma ta koma, kuma a kife kaskon ruwa kafin a fara.

Na biyu cuta. A watan Fabrairu na 2006 aka fara tabbatar da murar tsuntsaye a Nijar, a Magarya. Kaskon tsuntsayen daji daban, na kaji da zabi da agwagi daban, kuma a wanke hannu da sabulu bayan an taɓa shi. Idan an ga tsuntsaye suna mutuwa da yawa, kada a taɓa, kada a ci, a kira ma'aikatan kiwo.

Na uku danƙo da kwasar ƙwai. Dokar farauta da kāre namun daji mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilu 1998 tana nan, ma'aikatan gandun daji ke kula da ita. Amma a cikin gida maganar uwa da uba ta fi saurin shiga. Yaron da aka ɗora wa nauyin cika kasko kowace safiya, da wuya ya harbi wanda ya zo sha.

Ga ƴan uwa na ƙetare

Ku da ke Faransa, Beljiyam ko Amurka kun ga akwatuna da mazubin tsaba rataye a lambunan mutane. Su can lokacin sanyi ne wahalar tsuntsu, shi ya sa suka fi ba abinci ƙarfi. Wahalar namu bazara ce. Kuma wasu ƙananan tsuntsayen da kuke gani a Turai baƙinmu ne: suna tsallako Sahara wajen Satumba da Oktoba, su yi rani a gawo da bagaruwarmu, su koma a Maris da Afrilu. A 1969 masu ƙidayar tsuntsaye a Ingila sun tarar wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro ya ragu da fiye da rabi cikin shekara guda, daga baya aka gano farin da aka shiga a Sahel ne sanadi.

Ba sai kun aiko da akwati daga waje ba, maginan tukwanenmu na Mirya da sauran garuruwa sun wadatar. In kun kira gida, ku tambaya ko an ajiye kasko a inuwa, ko tsohon gawon bayan gida yana nan.

Masu saurare, wanda ya gwada ɗaya daga cikin waɗannan dabaru ya aiko mana da saƙo: wane tsuntsu ne ya shiga tukunyarsa, wace rana kuma shamuwa ta sauka a garinsu bana. Za mu karanto a cikin shiri. Allah ya ba mu damina mai albarka.