Kalmar "alkawari" da tarihin fassara alkawuran Littafi Mai Tsarki a ƙasar Hausa

1. Gabatarwa

A wannan takarda muna so mu duba yadda kalma guda, alkawari, ko alkawali kamar yadda ake faɗi a Nijar, ta ɗauki ma'anoni biyu a bakin Kiristoci Hausawa, da abin da hakan ya haifar wajen fahimtar alkawuran Littafi Mai Tsarki.

2. Asalin kalmar

Ibrananci yana da kalmar berit, wato yarjejeniya mai ɗaure sassa biyu. Masu fassara zuwa Helenanci a Iskandariya, tun ƙarni na 3 kafin haifuwar Annabi Isa, sun mai da ita diatheke, wadda kuma ke nufin wasiyya. Ta nan Latinanci ya samu testamentum, Faransanci ya gaji testament. Alkawarin baki kuwa Helenanci na ce masa epangelia. Saboda haka mai karatu da Faransanci yana rarrabe alliance, testament da promesse, alhali Hausa ta haɗa na farko da na ƙarshe a kalma ɗaya, har ta raɗa wa sassan Littafin Tsohon Alkawari da Sabon Alkawari.

3. Masu fassara da ƴan mishan

Schön, Bajamushe ɗan mishan, ya yi aikinsa na Hausa da taimakon Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da Barth ya kai Ingila a 1855. Sabon Alkawari ya fito a 1880, cikakken Littafi kuma a 1932, bisa aikin Dokta Miller da abokansa. Shi ne ƴan mishan na SIM, waɗanda suka sauka Damagaram a 1924, suka karantar da shi a Tsibiri da Maraɗi, da kuma Galmi, inda suka buɗe asibiti a 1950.

Da yawansu sun fito daga majami'un Amurka da Kanada inda ake ji da sharhin Scofield na 1909. Wannan sharhi yana raba tarihi zamani zamani: alkawarin ƙasa da na amfanin gona na Bani Isra'ila ne, rabon ikilisiya kuwa gafara ne da rai madawwami. Mai bi yakan sa ran wahala a duniya, sakamako sai a lahira.

4. Sabon karatu

Daga shekarun 1980 wani karatu ya ƙetaro daga kudancin Najeriya, inda Benson Idahosa ya yaɗa shi, ya kuma samu kunne bayan karyewar darajar kuɗin sefa a 1994. A nan albarkar Ibrahim da ta babi na 28 na Maimaitawar Shari'a sun zama dukiya da lafiya ga kowane mai bi. Harshe ya sauƙaƙa wannan hanya: Bahaushe ya ce alkawari kaya ne, wanda ya ɗauka sai ya sauke. In an manta da berit, sai a ji alkawari kamar bashi ne a kan Allah, a tsallake sauran babin, wanda ya fi tsawo, inda aka jero la'anonin karya yarjejeniyar.

Amma Hausa tana da abin da take gyarawa. Ayar Irmiya 29:11, wadda ake yawan ɗauka a matsayin albishirin arziki ga mutum ɗaya, wasiƙa ce zuwa ga kamammun da aka kwashe Babila a 597 kafin haifuwar Annabi Isa, kuma ayar da ta gabace ta ta yanka musu shekara 70. Lamirin jam'i ne a Ibrananci. Ingilishi na yau ya ɓoye wannan, vous na Faransanci yana iya zama na girmamawa, amma Hausa ba ta da mafita sai ta zaɓa tsakanin ka, ki da ku.

5. Kammalawa

A ganinmu, tambayoyi uku ne tarihin nan ya bar wa mai fassara da mai wa'azi: wa aka yi wa alkawarin, da wane sharaɗi, kuma zuwa yaushe. Amsarsu ba a aji kaɗai take aiki ba. Manomin da fari ya cinye gerensa yana jiran ya ji ko talaucinsa shaidar ƙarancin bangaskiya ne, kuma abin da za a gaya masa ya dogara ga yadda aka karanta wannan kalma.