Daga Lamunin Maigida zuwa Kuɗin Kafin Alƙalami

Duk wanda ya taɓa kai mara lafiya sashen gaggawa da tsakar dare ya san tambayar da ake fara yi masa: "Wa zai biya?" Tambayar nan tana da tarihi a Sabo, kuma ya kamata mu san shi.

A 1916 aka keɓe wa kakanninmu wannan unguwa a Ibadan. Yawancinsu fatake ne, 'yan shanu da 'yan goro. Baƙo in ya sauka ba ya rasa maigida. Shi zai ba shi ɗaki, ya ajiye masa kuɗinsa, ya tsaya masa wajen ciniki. In ciwo ya kwantar da shi, maigidan ne zai kira wanzami ko maɗori, in abin ya fi ƙarfinsu ya kai shi asibiti. In rai ya yi halinsa, shi zai sayi likkafani. Inshorarmu ta farko ke nan, ba kati, ba takarda, sai amana.

Daga baya gwamnati ta ɗauki wani kaso na nauyin. Gwamnatin Awolowo ta Jihar Yamma ta sa a riƙa duba yara 'yan ƙasa da shekara 18 kyauta. A 1957 aka buɗe asibitin koyarwa na UCH, ga shi nan kusa da mu. A 1979 kuma jam'iyyar UPN ta Gwamna Bola Ige ta zo da alƙawarin magani kyauta.

Sai farashin man fetur ya faɗi. A 1986 Babangida ya kawo shirin SAP, darajar naira ta zube, maganin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tsada. A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka amince a Bamako cewa mara lafiya ya sayi magani, a juya kuɗin a sayo wani. A zamanin ne kuɗin kafin alƙalami ya samu gindin zama a asibitoci.

An yi dokar inshorar lafiya ta NHIS a 1999, aka fara aiki da ita a 2005, amma ma'aikatan gwamnati ta fi amfana. Mai shayi fa? Ɗan dako da mai suya da ɗan okada fa? Su da suka fi kowa kusa da hatsari, su ne ba su da kati. Har yau fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Nijeriya daga aljihun jama'a yake fita.

Ga abin da da yawanmu ba mu sani ba. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana kowane asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa, ko da wane dalili. Hukuncin shi ne tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida, ko duka biyun. Dokar 2017 kuma ta ce a yi wa wanda aka harba magani ba tare da jiran takardar 'yan sanda ko kuɗin ajiya ba. A 2022 aka wajabta inshorar lafiya a kan kowa.

To, amma mu yi adalci. Doka ta ce a ceci rai, ba ta yafe kuɗin ba. Jini da ƙarin ruwa da man janareto duk saye ake yi. Asibitin da aka sha gudu masa da bashi, dole ya fara tambayar wa zai tsaya. Tambayar da maigida yake amsawa a da ke nan.

Yau yaro zai sauko daga tirela, ya kwana a tasha, ba wanda ya san sunan ubansa. In mota ta buge shi, sai a hau zagayawa da faifai a masallaci, jini na zuba. Me zai hana mu zagaya da faifan tun kafin hatsarin? Kowane layi ya riƙa karo-karo duk Juma'a, a damƙa asusun hannun amintattu da sanin Sarkin Sabo, a kuma yi wa sababbin zuwa rajista. Kakanninmu ba su bar baƙo ya mutu a ƙofar gida ba. Kada a ce a zamaninmu aka fara. Allah ya ba mu lafiya, ya kare mu daga tsautsayi.