Kundin da Ba a Buga Ba: Gambarar Zamani Tsakanin Bata, Fagge da Sabon Gari

 Yau za mu ɗan ajiye alƙalamin labari mu leƙa gidan maƙwabtanmu mawaƙa, domin Bahaushe ya ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ga tambayar da za mu fara da ita. A cikinmu wa zai iya lissafo waƙoƙi goma na gambarar zamani, wato hip hop, da samarin Kano suka yi tsakanin 2000 da 2010, ya faɗi sunan kowane mawaƙi, da shekarar da aka yi waƙar, da wanda ya haɗa kiɗan? Da yawanmu mun ji waɗannan waƙoƙi a shagon aski, a bakin 'yan acaɓa, ko a wayar wani yaya. Amma in aka ce a kawo su a rubuce, sai a yi cirko-cirko. Dalilin wannan mantuwa yana da tarihi, kuma tarihin ya ratsa ta Fagge da Sabon Gari.

Bari mu fara leƙa Landan, don mu ga yadda wasu suka magance irin wannan matsala. A shekarun 1980 samarin Ingila masu gambarar zamani ba su da wurin zuwa. Manyan kamfanonin faifai sun fi son mawaƙan Amurka, gidajen rediyon hukuma ba sa kula su, kuma buga faifan garmaho na mutum guda yana cin kuɗin da saurayi ba shi da su. Sai ƙananan kamfanoni masu zaman kansu suka ɓullo da kundin haɗaka: a tara mawaƙa goma ko sha biyu, kowa ya ba da waƙa ɗaya, a buga su a faifai guda. Kamfanin Music of Life na Simon Harris ya fitar da Def Beats 1 da Hard as Hell a 1987. A lokacin haɗa na farkon ne waƙoƙi suka gaza, sai wani ma'aikacin kamfanin mai suna Derek B ya shiga situdiyo ya cike gurbin da tasa. Kafin shekara ta zagayo ya zama ɗaya daga cikin 'yan gambarar Ingila na farko da suka shahara a ƙasar baki ɗaya. A 1998 kamfanin Big Dada ya fitar da Black Whole Styles, a 2005 kuma aka fitar da Run the Road, wanda a cikin mawaƙansa har da wani saurayin gabashin Landan da ake kira Kano, ko da yake daga sunansa na yanka, Kane, ya samo laƙabin, ba daga garinmu ba.

Abin lura a waɗannan faifai shi ne bangonsu. An rubuta sunan waƙa, da mawaƙi, da mai kiɗa, da kamfani, da shekara. Wasu daga cikin mawaƙan ba su ƙara yin wata waƙa ba har suka bar sana'ar, amma sunansu ya zauna. Mai bincike yau zai ɗauki bangon ya bi sawunsu ɗaya bayan ɗaya.

To mu dawo gida. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma bayan kamar shekara biyu Turawa suka yanka Sabon Gari don ma'aikata da 'yan kasuwar da suka zo daga kudu da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma. Fagge kuwa ta riga ta daɗe tana karɓar baƙi, tun zamanin da ayarin Buzaye ke sauke raƙuma a wajen ganuwa, daga baya Kwarori suka kafa kantunansu, har aka sami Kantin Kwari. Duk wani sabon sauti da zai shigo Kano, ta waɗannan unguwanni biyu yake fara bi. A Sabon Gari aka buɗe silimar Rex a 1937, nan kuma aka yi Eldorado. A Fagge aka yi Plaza da Wapa, wadda yau sunanta ya koma na 'yan canji. Otal-otal na Sabon Gari sun ji kiɗan hailaif da juju, sannan disko da rege, kafin gambarar Amurka ta biyo baya a kaset. Yaron cikin birni da ba a barinsa ya ji irin wannan kiɗa a gida, in aka aike shi kasuwar Sabon Gari sai ya ji shi yana tashi daga lasifikar masu shago.

Mahaɗar ita ce Bata. A wannan yanki na bakin kasuwa masu kaset da masu littattafan Hausa suka yi ta hada-hada shekara da shekaru. Kuma a nan ne za mu sami kundin haɗakarmu na farko. Mutum zai zo da kaset fanko mai minti 60 ko 90, ya faɗi irin abin da yake so, mai shago ya zaɓo masa daga nan da can ya naɗa. Wani lokaci mai shagon ne zai haɗa nasa zaɓin ya kwafa da yawa ya baza. Shi ne edita, shi ne maɗaba'a, shi ne dillali. Kunnensa ne ke yanke hukuncin waƙar da za ta zo farko da wadda za a bari. Aikin da Simon Harris ya yi a Landan, shi mai kaset ya yi a Bata, bambancin kawai shi ne bangon. Abin da ake rubutawa da biro a jikin kaset bai wuce kalma ɗaya ko biyu ba, babu shekara, babu mai kiɗa, sau da yawa ma babu sunan mawaƙi.

Da aka shiga shekarun 2000, ƙananan situdiyo masu fiyano da kwamfuta suka yawaita a Kano saboda waƙoƙin fim. A gefen wannan kasuwa ta nanaye samari suka fara jera baitoci da Hausa a kan kiɗan hip hop. Sunaye irin su Billy-O, K-Boyz, Kano Riders da Nazir Ahmad Hausawa, wanda aka fi sani da Ziriums, sun fito a wannan zango. Ba su rasa magabata ba, domin saurin baki da habaici da zambo tsoffin kayan aikin 'yan gambara ne a ƙasar Hausa, shi ya sa ma sunan ya zauna daram. A ƙetaren iyaka kuma ƙungiyoyin Nijar irin su Kaidan Gaskiya da Lakal Kaney suna nasu. Har Landan ɗin ma ta zo Kano da ƙafarta: a tsakiyar shekarun 2000 British Council ta kawo ƙungiyar Mecca2Medina, Musulmin Ingila masu gambara, wadda ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ta, Rakin, tsohon ɗan ƙungiyar Cash Crew ne ta yammacin Landan.

Sai dai waɗannan samari sun fito a lokaci mai tsauri. An kafa Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta Jihar Kano a 2001. A 2007, zamanin gwamna Malam Ibrahim Shekarau, aka naɗa Malam Abubakar Rabo Abdulkarim ya shugabance ta, aka ƙara ɗaure igiya. A shekarar ne aka ɗaure Adam A. Zango saboda faifansa na Bahaushiya. Marubuta ma ba su tsira ba, don a 2008 an yi ta kai ruwa rana da hukumar kan batun yi musu rajista da duba littattafansu. A irin wannan yanayi, duk wanda ya buga faifai mai bango da sunaye ya miƙa kansa da na abokansa ke nan. Rashin suna ya zama garkuwa.

A daidai nan wayar hannu ta shigo cikin labarin. Wayar salula ta fara aiki a Najeriya a 2001, kuma kafin ƙarshen shekarun wayoyi masu bulutu da katin memori sun cika hannun matasa. Kasuwar waya ta titin Beirut a Fagge ta haɓaka, aka sami sabuwar sana'a ta masu turi: saurayi da kwamfutarsa a kan tebur, ka ba shi memori da 'yan kuɗi kaɗan ya cika maka da waƙoƙi. Shi ne magajin mai kaset na Bata. Waƙar da ba ta taɓa shiga shago a faifai ba sai ta zaga Kano cikin 'yan kwanaki, daga waya zuwa waya. Amma a hanya sunanta kan canza. Wannan ya sa mata lamba, wancan ya rubuta sunan wani mawaƙin daban da ya fi tashe don ta fi karɓuwa. In memorin ya lalace ko aka goge shi, shi ke nan.

Ga abin mamakin. A watan Yuni na 2009 kotun tafi-da-gidanka mai aiki da hukumar tacewa ta haramta sayarwa da yaɗa waƙoƙi 11. A cikinsu akwai Girgiza Kai ta Ziriums, da Oyoyo ta Adam Zango, da Walle-Walle, da Hasbunallahu ta Aminu Ala, wanda aka kama a watan da ya biyo baya. Ba dukansu ne gambarar zamani ba, amma hanya ɗaya suka bi zuwa kunnen jama'a, wato ta bayan fage. Jaridu suka buga jerin, masu bincike suka kwafa, ya shiga littattafai. Yau in kana neman jerin waƙoƙin ƙarƙashin ƙasa na Kano na wancan zango, mai ɗauke da sunaye da wata da shekara, wannan ne zai fara zuwa hannunka. Wato kundin haɗakar da ya fi kowanne daɗewa, kotu ce ta tsara shi. Wanda ya so a daina jin waƙoƙin shi ne ya adana sunayensu.

Sauran abin da ya tsira kuwa, ya tsira ne saboda wasu sun zauna sun rubuta. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya bibiyi waɗannan samari ya yi nazari a kansu, Carmen McCain ma ta yi hira da su ta adana. Ziriums ya saki kundinsa This Is Me ta intanet a 2010. Bayan buɗe tashar Arewa24 a 2014, shirin Zafafa Goma na Aminu Abba, wato Nomiis Gee, ya zama wani irin kundin haɗaka na mako-mako, inda suna ke fitowa a allo. Amma tsakanin kaset ɗin Bata da allon talabijin akwai shekaru masu yawa da muryoyi masu yawa da suka bi ruwa.

Mu marubuta mun fi su sa'a a baya, kuma ba haka kawai ba. Ƙungiyar Raina Kama ta su Ado Ahmad Gidan Dabino da Hajiya Balaraba Ramat Yakubu da Ɗan'azumi Baba ta saba sanya jerin littattafan 'ya'yanta a cikin littattafan juna. Kowane littafi ya zama shaidar ɗan'uwansa. Irin waɗannan bayanai na bango sun taimaka wa Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess wajen fitar da jerin ƙagaggun littattafan Hausa na 1987 zuwa 2002. Takarda ma tana ƙonewa, kowa ya tuna gobarar kasuwar Sabon Gari ta watan Maris na 2016, amma littafin da aka buga kwafi da yawa da suna a jiki, wani zai tsira a akwatin wata uwa a Gwammaja ko a Maraɗi.

Yanzu fa? Yawancinmu a WhatsApp da Wattpad da Facebook muke sakin labari, shafi-shafi. Ana kwafa, ana turawa, ana tara su a fayil guda a sayar, wani lokaci an guntule sunan mai shi ko an sa na wani. Wannan shi ne memorin titin Beirut ya dawo da sabuwar riga. Nan da shekara ashirin, in ɗalibi ya zo neman wanda ya rubuta me a 2020, wane bango zai ɗauka ya duba?

Don haka ga shawara, ƙanne da yayye. Kowane rubutu da za ka saki, sa cikakken sunanka da wata da shekara a farkonsa da ƙarshensa. Ku haɗu ku goma ko sha biyu, kowa ya kawo gajeren labari ɗaya, ku yi karo-karo ku buga kundi na takarda ko da kwafi kaɗan ne, ku kai ɗakin karatu na Murtala Muhammad da na Jami'ar Bayero. Wanda kuma yake da yaya ko kawu da ya taɓa sana'ar kaset a Bata ko turi a Fagge, ya je ya zauna da shi da biro da takarda tun yana da ƙarfin tunawa.

A sashen sharhi, kowa ya rubuto mana waƙar gambarar Kano mafi tsufa da ya tuna, da sunan mai ita, da inda ya fara jin ta. Mu fara haɗa namu jerin daga nan. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.