Tarihin Bakin Kaset: Abin Da Muke Fasawa Da Guduma a Ojoo

  

Abin da ya ja hankalina ga wannan rubutu wani abu ne da na gani da idona. Ranar wata Asabar ina zaune ƙofar shagon Baba a nan Ojoo, sai ga wani yaro ɗan jari bola ya ajiye baronsa gefen titi, ya ciro wani akwati mai ruwan toka, ya sa guduma ya fasa shi gida biyu. Ya zare 'yar wayar da ke ciki, ya watsar da sauran. Da na matsa na duba ɓaraguzan, sai na ga an rubuta Nintendo. Na ce masa, "Ƙanena, ka san abin da ka fasa kuwa?" Ya ce, "Yaya, ai roba ce, ba ta da nauyi a sikeli." Tun daga ranar nake bin diddigin wannan akwati.

Asalin Na'urar

A ranar 15 ga Yulin 1983 ne kamfanin Nintendo na ƙasar Japan ya fito da na'urar gem mai suna Famicom. Ana sa mata kaset ta sama, kuma bakin da ke kama kaset ɗin yana da haƙora 60. Da za su kai ta Amurka a 1985, sai suka sauya mata suna zuwa NES, suka kuma sauya mata siffa ta koma kamar bidiyo mai kaset: ka buɗe murfi, ka tura kaset ta gaba, sannan ka danna shi ƙasa. Bakin wannan yana da haƙora 72.

To a nan gizo ke saƙa. Duk lokacin da aka danna kaset ƙasa, haƙoran nan sukan ɗan lanƙwashe. Yau da gobe sai su saki, ga ƙura ga datti, har su daina kama kaset da kyau. Akwai kuma wani ɗan ƙaramin mai gadi a cikin na'urar da ake kira 10NES, aikinsa tantance ko kaset na asali ne. Idan bai ji kaset sosai ba, sai ya riƙa kashe na'urar yana kunnawa, jar fitila tana ƙyaftawa, talabijin na walƙiya. Daga nan aka samo al'adar hura kaset da baki, wadda yaran duniya kaf suka yi, har da mu. Alhali ba hurawar ce ke gyara ba, cirewa da mayarwar ce, danshin baki ma tsatsa yake jawowa. A 1993 kamfanin ya fito da sabon samfuri mai ɗaukar kaset ta sama, ya rabu da wancan baki mai matsala.

Yadda Ta Iso Mana

Mai karatu zai ce, to ina ruwan Ibadan da wannan? Ta hanya biyu waɗannan na'urori suka shigo ƙasar nan. Ta farko ita ce ta jabu. Kamfanonin Taiwan da Sin sun kwaikwayi Famicom suka cika duniya da ita a farashi mai sauƙi, da kaset mai alƙawarin wasanni dubbai alhali 'yan kaɗan ne ake ta maimaitawa. Irinta yawancinmu muka buga Super Mario da Contra a kanta muna yara.

Ta biyu ita ce ta gwanjo. Bayan gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin SAP a 1986, darajar Naira ta faɗi, sabon kaya ya gagari talaka. Sai kasuwar kayan da Yarabawa ke kira tokunbo ta buɗe: firiji, talabijin, rediyo, duk a kwantena zuwa Legas, daga kasuwar Alaba su bazu zuwa Dugbe da Ogunpa da sauran kasuwanninmu. Cikin tarkacen nan ne NES da Sega Mega Drive na asali suka riƙa shigowa. Da yawa ba su yi rai ba, domin ta Amurka wuta 110 take sha, tamu kuwa ta kai ninkin haka. Wanda ya jona ba tare da taransifoma mai rage ƙarfin wuta ba, sai dai ya ji ƙauri.

Ba duk abin da ke cikin kwantenonin ne mai amfani ba. A 2005 wata ƙungiya mai suna Basel Action Network ta fitar da rahoto cewa kimanin kwantena 500 na tsofaffin kayan kwamfuta ke sauka Legas kowane wata, kuma kaso mai yawa shara ce zalla. Wa ke bin unguwa-unguwa yana tsince wannan shara idan ta gama zagayenta? Amsar a fili take: yaranmu ne.

Gyara Da Sayarwa

Nintendo ya daina ƙera Famicom a 2003, ya kuma daina karɓar gyaranta a 2007. Amma yaran da suka buga ta a shekarun 1980 sun girma sun yi kuɗi, suna neman abin da zai tuna musu da ƙuruciya. A 2021 an sayar da kaset ɗin Super Mario Bros. guda ɗaya da ba a taɓa buɗewa ba a kan dala miliyan 2. Ba ina nufin za a tsinci irinsa a bola ba, ina dai nuna inda kasuwar ta kai.

Bakin NES kuwa ba a like yake da dalma ba, kusoshi kawai za ka kwance ka zare shi. Masu gyara sukan tafasa shi cikin ruwa na ɗan lokaci don datti ya fita, su shanya ya bushe ƙayau, su goge da sifirit, sannan su bi haƙoran ɗaya bayan ɗaya da allura suna ɗago su. Akwai sababbin bakuna da ake ƙerawa a Sin, amma masu tara irin waɗannan kaya da yawa sun fi son na asali da aka gyara, domin sababbin sukan damƙe kaset da ƙarfi har cirewa ta yi wuya. Ka ga ke nan na'urar da wuta ta ƙona ma ba ta mutu duka ba. Yadda za ka gane ta asali kuwa, ka kifa ta: NES tana da lamba NES-001, Famicom tana da HVC-001. Ta jabu ba ta da wata daraja a wurin masu saye, kada wani ya yaudare ka.

Gadon Iyayenmu

An kafa Sabon Ibadan, can kusa da Mokola, a 1916, bayan jirgin ƙasa ya haɗa Legas da Kano. Kakanninmu suna kawo shanu daga Arewa, suna tura goro. Wani Bature mai bincike, Abner Cohen, ya zauna cikinsu a farkon shekarun 1960, ya fitar da littafi a kansu a 1969. Ya nuna yadda harkar ta tsaya a kan maigida mai saukar da baƙi, da dillalansa, da amanar da ta sa ake ba da shanu bashi ba tare da takarda ba. Baba yakan ce dillalin goro na da, da ya buɗe huhu ya duba, zai gaya maka ko zai kai Kano lafiya ko zai lalace a hanya. Sanin kaya shi ne jarinsu na farko, kuɗi na biye.

Yau fa? Mu ne kan gaba wajen tattara tsofaffin kaya a garin nan, amma sikeli kaɗai muka sani. Muna ganin jan ƙarfe da alminiyom, ba ma ganin kayan. Ga hayaƙin ƙona waya a ƙirji, ga zargin sata da ke bin duk mai tura baro, riba kuma ta tafi wurin wanda ya san suna da lamba. Rikicin kasuwar Sasa na Fabrairun 2021, nan kusa da mu, ya koya mana cewa shago da kaya suna iya zama toka a wuni ɗaya. Abin da ke cikin kai ne wuta ba ta ci.

Kammalawa

Ban ce kowa ya bar sana'arsa ya koma gyaran gem ba, kasuwar ƙarama ce, masu saye kuma sai an neme su ta intanet. Roƙona ga iyayen gidanmu masu filin gwangwan shi ne, a ware yaro ɗaya ko biyu masu ɗan karatu, a ba su sukundireba da waya, su riƙa duba kaya kafin guduma ta hau. Da gem da tsohuwar rediyo da kyamara, duk hukuncinsu ɗaya. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu.

Shi kuwa ƙanen nan nawa, makon jiya ya kawo mini wata Sega da ƙurarta, bai fasa ba. Muna nan muna neman kaset da za mu gwada ta. Allah Ya ba mu sa'a, Ya tsare mu a inda muke neman halal. Sai mun haɗu a karo na gaba, wassalam.