Fili naka, gida naka, amma ɗaki ɗaya sai da izini

Masu ta tambayata a kan ɗakin da na ce zan yi wa Hajiya, yau ga bayani. Ya ɗan yi tsawo, a yi haƙuri.

Hajiya za ta dawo wurinmu da zama a nan jihar New York, kuma gwiwa ba ta barin ta hawa bene. Sai na ce a fitar mata da ɗaki da banɗaki ta bayan gida. A Kano, abin da ake buƙata bulo ne da magini. Nan kuwa da na kai zane ofishin gari, ma'aikaciyar ta ɗauko kalkuleta. Filina murabba'in ƙafa 5,000 ne, dokar unguwarmu kuma ta ce gini kada ya ci fiye da kashi 30 cikin ɗari, wato 1,500. Gidan da garejin sun riga sun ci 1,400. Ɗakin Hajiya 300 ne, ka ga an kai kashi 34. Ta ce sai na nemi izinin sassauci a gaban kwamiti. Na fito raina a ɓace. Wai filin da nake biya wa haraji! Haushin ne ya sa na shiga binciken inda wannan doka ta samo asali.

Abin ya faro ne a birnin New York. A 1915 aka gama wani dogon bene mai suna Equitable, kusan hawa 40, wanda ya miƙe sama daga bakin titi ba tare da ja da baya ba, ya tare wa maƙwabta rana da iska. A lokacin kuma masu manyan kantuna a titin Fifth Avenue suna kukan cewa masana'antun ɗinki sun matso musu. A 1916 birnin ya kafa dokar farko a Amurka da ta kasa gari gaba ɗaya kashi-kashi: nan gidaje, nan kasuwanci, ga iyakar tsawon gini, ga yawan filin da za a bari a buɗe. Lauya Edward Bassett ne ya jagoranci tsara ta.

Daga nan ma'aikatar kasuwanci, ƙarƙashin Herbert Hoover, ta buga wani samfurin doka a 1924 don jihohi su kwafa, kuma yawancinsu sun kwafa. A ciki ne aka tanadi kwamitin da zai iya sassauta wa mutum idan bin dokar sau da ƙafa zai jefa shi cikin wahalar da ba ta da dalili. Masu tsarin sun san cewa ma'auni ɗaya ba zai dace da kowane fili ba: wani siriri ne, wani a kan gangare yake. Suna kuma tsoron idan ba a bar ƙofa ba, kotu za ta rushe dokar dungurungum.

An kuwa je kotun. A ƙauyen Euclid na jihar Ohio, kamfanin Ambler yana da eka 68 da yake son sayar wa masana'antu. Doka ta mayar da wani ɓangaren na gidaje, kamfanin ya ce darajar eka ta faɗo daga dala 10,000 zuwa 2,500. Alƙalin farko ya ba kamfanin gaskiya, har ya ce ainihin abin da dokar za ta yi shi ne raba mutane bisa ƙarfin aljihunsu. Amma a 1926 Kotun Ƙoli, da alƙalai 6 a kan 3, ta tabbatar da dokar. Mai shari'a Sutherland ya kwatanta ginin da bai dace da wurinsa ba da alade a falo maimakon a garke.

Maganar alƙalin farko ba ta faɗi ƙasa banza ba. Tun 1917 Kotun Ƙoli ta soke dokar birnin Louisville da ta raba unguwannin baƙaƙe da na farare. Da aka toshe wannan hanya, garuruwa da dama sun koma ga sharuɗɗa irin su babban fili, ƙaramin gini, iyali ɗaya a gida ɗaya. Ba a ambaci launin kowa ba, amma talaka ba ya iya shiga. Mu masu zaman gandu, uwa da ɗa da jikoki a gida guda, ba da mu aka yi lissafin ba.

A jiharmu, tun 1992 doka ta jera abubuwa biyar da kwamiti zai duba: ko ginin zai ɓata yanayin unguwa, ko akwai wata hanyar biyan buƙatar, ko ƙarin yana da yawa, ko zai cutar da muhalli, ko kuma kai ka jawo wa kanka matsalar. Ana aika wa maƙwabta takarda, a yi zama a bainar jama'a.

A zaman namu wani dattijo da gidansa ke ƙasa da nawa ya miƙe. Na ɗauka hassada ce ta kawo shi. Sai ya nuna hotunan ɗakinsa na ƙarƙashin ƙasa cike da ruwa, ya ce duk rufin da aka ƙara a sama, ruwan da ƙasa za ta shanye wurinsa yake gangarowa. Wallahi sai jikina ya yi sanyi. Na tuna unguwarmu a gida, yadda kowa ya cike tsakar gidansa da ɗakuna da siminti, har ya ci hanyar ruwa, damina kuma tana zuwa sai katangu su yi ta faɗuwa. Ashe kashi 30 ɗin nan ba mugunta ce zalla ba.

An yanke cewa in rage ɗakin zuwa 240, in kuma haƙa ramin tsakuwa da zai shanye ruwan indararo. Na amince. Wata huɗu abin ya ci, ban da kuɗin mai zane da mai awo.

Yanzu iska ta fara juyawa saboda tsadar gidaje. Minneapolis ta amince a 2018 a daina keɓe unguwa ga gidan iyali ɗaya. Kalifoniya kuma tun 2020 ta hana garuruwa fakewa da iyakar cin fili don hana mutum ƙaramin gida na murabba'in ƙafa 800 a bayan gidansa.

Shawarata ga 'yan'uwa da ke nan: kafin ka biya mai zane, je ka tambayi kashi nawa aka yarda a unguwarku, kuma ka ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabtanka kafin takardar gari ta riga ka. Kada ka yi gini a ɓoye, don ranar sayar da gida asiri zai tonu, ana ma iya sa ka rushe.

Hajiya ta ga zanen ta waya. Tambayarta ɗaya: tagar tana kallon rana da safe? Na ce mata tana kallo.